Matar da Ta Ƙi Sa Hannu

Ranar Litinin suka kawo mini takardar, ina tsakiyar goge allo, hannuna fari fat da ƙurar alli. Luzmila ce ta riƙo ta, ita ce wakiliyar aji. Sauran talatin da ɗaya suka ƙi fita duk da an buga ƙararrawa, suna ta wani murmushi da ban so ba ko kaɗan, irin na mutanen da suka ƙulla maka alheri a ɓoye.

"Profe, ki zauna tukuna, kar ki faɗi mana a nan," in ji Wilber daga bencin baya. Shekara uku yana ajina, ban taɓa jin ya faɗi abin da zai amfani ɗan Adam ba.

"Kai za ka faɗi ranar da na fito da sakamakonka. Mene ne kuma?"

Luzmila ta shimfiɗa takardar a kan teburina, ta danne gefenta da tafin hannu. Zanen allon tagulla ne. A makarantarmu ta koyon kasuwanci, kamar kowace makaranta a birninmu na Arequipa, aji ba ya fita ba suna. 'Yan shekarar ƙarshe su zaɓi wani mutumin kirki su laƙaba wa ajinsu sunansa, a zuba a tagulla tare da nasu sunayen, a kafe a bangon tsakar makaranta ranar yaye su. Ashirin da shida ne a bangonmu. Kusan duk matattu ne, don wanda ya mutu ya gama ba mutane kunya.

Na karanta layin sama. Ajin Nélida Cornejo, matar da ta ƙi sa hannu.

Sunana ke nan. Aji ya ɓarke da tafi, wasu na buga benci.

"Mun gano ki, Profe!" in ji Wilber. "Gwaggona ta yi aikin naɗe cuku a kamfanin Don Fortunato. Ta ga hoton ajinmu a wayata, ta ɗora yatsa a kanki ta ce, wannan ai Señorita Nélida ce ta ofis, wadda ta bar aiki watan da aka yi rigimar nan. Wai wata mata da kika sani! Haba Profe, ai kuwa kin san ta."

"Aji gaba ɗaya ya zaɓe ki, ba wanda ya ja," Luzmila ta ce. Ita ba ta cika ɗaga murya ba, shi ya sa idan ta yi magana ake yin tsit. "Kuma ke ce uwar aji, ke za ki yaye labulen allon, ki rataya mana lambobinmu na kammala karatu. Ga wurin sa hannun malamar aji a ƙasa, sai Darakta ya buga hatimi. Mai zubin tagulla ya ce idan takarda ta wuce Juma'a da tsakar rana ba zai ɗora wuta ba."

Na ce zan duba rubutun a gida, wataƙila akwai kuskure. Malami ba ya rasa wannan ƙofar. Na cusa takardar a jaka na fita, ko allon ban ƙarasa gogewa ba.

To bari in ba ku labarin kamar yadda nake ba ɗalibai shi, shekara goma sha ɗaya ke nan, a makon farko na darasin ɗa'ar kasuwanci da riƙon amana. Nakan ce akwai wata mata da na sani. Tana aiki a kamfanin cuku, ita ke duba kaya kafin su fita. Injin tafasa madara ya lalace kwana uku, mai kamfani ya ce a ci gaba da ɗanya, don ga motar da za ta kai cukun karin kumallon 'yan firamare a ƙauyukan kan dutse tana jira a ƙofa. Ya kawo mata takardar shaidar cewa an tafasa, ya ajiye mata koren biro. A nan sai in yi shiru, in bar aji ya jira. Sannan in ce, ta ajiye biron, ta ɗauki jakarta, ta fita. Aka kore ta, wani ya sa hannu, cuku ya tafi, yara arba'in da uku suka kwanta da zazzaɓi. Amma ita hannunta a wanke yake. Daga nan in juya in rubuta a allo: idan kai ne, me za ka yi?

Injin gaskiya ne, motar gaskiya ce, koren biron ma haka, yaran ma haka. Abu ɗaya ne ba haka ba. Ni ce na sa hannu. Ko zama ban yi ba, a tsaye na sa, Don Fortunato ya ce "Yauwa 'yata," ya mayar da bironsa aljihu. Kuma ba kora ta aka yi ba, ni na daina zuwa bayan jarida ta buga labarin yaran, don na kasa zama a ofishin nan. Da aka zo bincike takarda ta ce an tafasa madara, sai aka ɗora laifin a kan ruwan ƙauye. Don Fortunato ya mutu shekara shida da suka wuce, har da 'yan busa a jana'izarsa.

Kada ku ɗauka na zauna na tsara ƙaryar nan. Shekarata ta farko a koyarwa, littafin darasi cike da kamfanonin ƙasashen waje da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarsu, ɗalibai na gyangyaɗi bayan sun sha rana a bas. Haushi ya kama ni, na rufe littafin na fara ba su nawa, niyyata in kai har ƙarshe. Da na iso wurin biron na ɗaga kai, na ga ido sittin a kaina, duk sun farka, duk suna roƙona da fuska kada matar nan ta sa hannu. Bakina ya ce ta ajiye biron. Suka tafa. Na ji daɗin tafin nan, ba zan ɓoye ba, kuma na ci gaba da jin daɗinsa duk shekara.

Ranar Talata na shiga bas ɗin da ba nawa ba, na yi faɗa da wata mata a kan kwandonta da ya taɓa mini gwiwa, na sauka na taka sauran hanyar da ƙafa. Da tsakar rana na isa gidan abincin yayata Hortensia. Ita kaɗai ce a duniya ta san gaskiyar. Na same ta a baya tana niƙa jan barkono a dutse, hayaƙin itace ya cika rumfa, masu cin abinci na ta ƙwala kiran a ƙaro chicha, giyar masara.

"Ke kuma fa? Kin shigo da fuska kamar an ƙwace miki kujera a mota."

Na miƙa mata takardar. Ta goge hannu a zaninta na aiki, ta nisantar da ita daga ido, ta karanta tana motsa leɓe. Sai ta kwashe da dariya har da tari.

"Tabɗi! Tagulla! Neli, ke ƙaryarki ma sai da ta yi digiri."

"Yaya, ba dariya na zo ki yi mini ba."

"To abinci? Zauna, akwai farfesun alade. Ki sa musu hannu mana, ai hannunki ya saba."

Da ba ta girme ni da shekara tara ba, na rantse da barkonon nan zan wanke mata fuska. Na zauna a kan buhun dankali, na tashi, na sake zama. Ta ci gaba da niƙanta.

"Tsakani da Allah nake gaya miki," ta ce. "Wa ya sani? Fortunato yana ƙarƙashin ƙasa, ni kuma bakina na ɗanɗana miya ne. Ba ke kika zo nan bara kina hura hanci, wai wani tsohon ɗalibinki ya ƙi karɓar ruɓaɓɓen siminti a ginin asibiti saboda labarin matar nan ba? To ga shi, matar da ba a haifa ba ta fi ki amfani. Ki bar ta ta ci gaba da aikinta."

"Sunana za su sa, Yaya. Nasu sunayen talatin da biyu a ƙarƙashin nawa. Tagulla ba ta gogewa."

"Da kina faɗa da baki ba ki damu ba, sai yanzu da za a rubuta?" Ta kwashe barkonon ta zuba a kwano. "Ki yi abin da kika ga dama. Amma ranar bikin kar ki neme ni. Ba zan matse ƙafata a takalmi mai tsini in je in tafa wa wannan ba."

Na bar mata farfesunta ban taɓa ba. A hanya na shiga coci, ban iya durƙusawa ba, na fito. Na sayi lemo na manta shi a kan teburin mai sayarwa.

Ranar Laraba na je wurin Darakta, Don Eleuterio, da dabarata a shirye. Mutum ne mai ƙamshin turare da ke riga shi shiga ɗaki, bai taɓa koyar da aji ɗaya ba a rayuwarsa. Na ce masa al'adar makaranta ce a zaɓi waɗanda suka riga mu, bai dace rayayye ya hau bango ba, kuma ni ban cancanta ba.

"Haba Profesora, wace al'ada? Nuna mini inda aka rubuta." Ya taso ya kama hannuna da nasa biyu. "Shekara goma sha ɗaya kina ɓoye mana zinariya a cikin gida! Kin san me zan yi? Ƙyalle zan sa a buga a ƙofar makaranta kafin ɗaukar sababbin ɗalibai, da hotonki. Malamanmu abin da suke koyarwa shi suke aikatawa. Makarantar tsallaken titi sai dai su mutu da baƙin ciki."

"Don Eleuterio, ba ka tambaye ni ko labarin haka yake ba."

"Ke ma dai da wasa kike." Ya zare takardar daga hannuna, ya buga hatimi tim, ya miƙo mini bironsa. "Ga shi, ki rufe mana zance."

Na ce ban zo da tabarau ba. Tabarau ɗin na rataye a ƙirjina, yana kallonsu. Ya yi dariya ya ce kunya ce irin ta mutanen kirki, na fito ina zaginsa a ciki, shi da turarensa.

A kan matakalar bene na tarar da Luzmila zaune, ta miƙe ƙafarta ta hagu. Yarinyar tana jan ƙafar nan tun ranar da ta fara zuwa. Shekara uku ina jin tafiyarta a baranda kafin in ga fuskarta, taku ɗaya, ja ɗaya, ban taɓa tambayarta me ya same ta ba. Ni a ganina ladabi ke nan.

"Profe, minti biyu. Akwai abin da ban gaya wa aji ba."

"Ina sauri, Luzmila."

"Ni 'yar Sallani ce."

Na dafa ƙarfen matakala. Ƙauyuka uku ne a jerin da ke jikin takardar Don Fortunato, Sallani ne na ƙarshe. Har yau ina ganin yadda injin buga rubutu ya ɗan tsallake layi a kansa.

"Ina shekara bakwai," ta ce. "Ba mu saba ganin cukun birni ba, rabi na ci, rabi na ɓoye a aljihu na kai wa kakata, Allah ya sa ta ba kare. Wata biyar ina kwance. Zazzaɓin ya sauka mini a ƙugu, ga abin da ya bari." Ta ɗan bubbuga cinyarta. "Mutanen gwamnati suka zo suka ce ruwanmu ne, iyaye mata ba sa tafasawa. Mamata har ta mutu tana cewa ita ta gurgunta ni. Tana tafasa ruwa sau biyu, Profe, har na wanke hannu."

Ta janye hannunta daga cinyar, ta ci gaba.

"Ranar da kika ba mu labarin nan, makonmu na farko, a nan na fara sanin ba laifinta ba ne. Na shiga banɗaki na yi kuka har aka tashi. Amma kin san abin da ya riƙe ni? Ashe a birnin nan akwai mutum ɗaya da ya tuna da mu. Mutum ɗaya ya rasa aikinsa saboda yaran da bai taɓa gani ba. Da Wilber ya zo da maganar gwaggonsa, ni na bi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya. Na san ba kya son yabo. Ki yi haƙuri ki sa hannun nan, don ni."

Ta kama ƙarfe ta miƙe, ta sauka. Na tsaya ina jin tafiyarta har ta fita ƙofar waje.

Ranar Alhamis na tashi da shawara a yanke: zan sa hannu. Har hujjoji na jera wa kaina ina shan shayi a tsaye. Yarinya ta jingina rayuwarta da abu ɗaya, wane irin mugu ne zai zare shi ana saura mako uku ta gama? Gaskiyar da za ta karya marainiya, wa ta amfana? Na maimaita wannan a bas, na maimaita a ƙofar makaranta. Allah ya sani ba don Luzmila ba ne. Tsoron idon yara talatin da biyu nake ji, da na Darakta, da zaman gida ba aiki ina shekara hamsin da uku. Amma hujjar tana da kyau, na riƙe ta gam.

Darasin ƙarshe ne kafin jarrabawa. Ban ko buɗe littafi ba, na ciro takardar na shimfiɗa a tebur. Aji ya yi ihu. Ina lalubar biro a jaka sai Wilber ya taso daga baya, yana tafiya irin ta masu kai kyauta a coci, ɗauke da wani siririn akwati an ɗaure shi da jan zare.

"Dakata, Profe, ba da kowane biro ba. Aji ne ya saya miki. Don ki rama."

Na kwance zaren. Koren biro ne.

Suna ta dariya suna tafi, wasu sun ɗaga waya za su ɗauki hoto. Na riƙe biron, na sunkuya, bakinsa ya taɓa takarda har ya yi ɗigo. Sai na lura a tsaye nake, jakata a kafaɗa, na karkata zuwa dama, daidai yadda na tsaya a gaban teburin Don Fortunato. Ana jira, mota na ƙofa, kowa na murmushi, minti ɗaya an gama. Shekara goma sha huɗu, ashe ko taku ɗaya ban matsa daga wurin ba. Wani irin haushin kaina ya taso mini, wanda ban taɓa ji a kan ɗalibi mafi taurin kai ba.

"Ku sauke wayoyin nan," na ce. "Ku zauna. Wilber, koma mazauninka."

Suka zauna. Sun san muryar.

"Labarin da na ba ku a makonku na farko, akwai ƙarya a ciki. Matar ni ce, wannan kun gano daidai. Amma ban ajiye biron ba. Na san ɗanyar madara ce, na san yara za a kai wa, na sa hannu. Ba wanda ya kore ni. Takardata ce ta sa aka ce ruwan ƙauye ne. Na yi wa aji goma sha ɗaya wannan ƙaryar, ku ne na tara, akwai biyu a bayanku."

Na zata za a yi hayaniya. Da an yi da ya fi mini sauƙi. Ana jin mai sayar da burodi yana busa ƙahonsa a titi. Wata yarinya a gaba ta rufe baki da hannu. Ni kuwa benci na biyu nake gudun kallo, kuma can idona ya je.

Luzmila ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan benci.

"To wa ya ƙi?" ta tambaya.

"Babu."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya. Mai kula da injin ya sani, direba ya sani, ni na sani."

"Kin ga sunan garinmu a takardar?"

"Na gani. Shi ne na uku."

"Jiya a matakala, da nake gaya miki zancen mamata. Kin sani a lokacin."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai duba amsar da ta riga ta zata. Sai muryar Wilber ta fito daga baya: "To ai... yanzu dai ta ƙi sa hannu. Allon bai yi ƙarya ba ke nan." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba, ya kifa kai a benci.

Luzmila ta miƙe, ta zo gaba, taku ɗaya, ja ɗaya. Ta ɗauki takardar daga teburina ta ninke ta huɗu.

"Profe, ki ba mu wuri, aji zai yi zaɓe. Ke kika koya mana wanda magana ta shafa ba ya zama a taron."

Ni na koya musu, a shekara ta biyu, har na ba da shi a jarrabawa. Na ajiye koren biron a tebur na fita. Na tsaya a tsakar makaranta cikin rana ina karanta allunan tagullar nan ɗaya bayan ɗaya, sunayen mutanen da ban san me suka yi ba ranar da aka miƙa musu biro. Na karanta su sau uku kafin a buga ƙararrawa.

Kafin la'asar magana ta kai ofis. Don Eleuterio bai kama hannuna ba wannan karon. Ya ce ƙyallen nan har ya ba da aikinsa, ya ce na mayar da shi abin dariya, ya ce za mu zauna bayan biki. Na san irin zaman. Luzmila ta aiko wata ɗaliba da sabuwar takarda ranar Juma'a da safe, an naɗe saman, layin sa hannu kawai aka bar mini. Na ce a buɗe in karanta, ba na sa hannu a abin da ban gani ba. Yarinyar ta harare ni, ta buɗe. Na karanta, na sa.

Mako uku ba ta yi mini magana ba. Ta rubuta jarrabawata, ta fi kowa, na ba ta makinta. Wilber ne ya tare ni a ƙofa wata rana yana sosa ƙeya.

"Profe, har yanzu ke ce uwar aji. Ƙuri'a sha bakwai da sha biyar aka tashi."

"Wa ya tsaya mini?"

"Ba tsaya miki aka yi ba. Luzmila ce ta ce wanda ya sa hannu shi ya kamata ya yaye labulen, kowa ya gan shi."

Ranar biki tsakar makaranta ta cika da iyaye, mata 'yan kan dutse da hulunansu masu ado, maza cikin kwat ɗin aro. A layi na uku na hango Hortensia, ta ƙumbura fuska, ta zare ƙafa ɗaya daga takalmi mai tsini tana murza yatsu. Ba ta ɗaga mini hannu ba, amma ta zo.

Na ja igiya, labule ya faɗi. Allo na ashirin da bakwai, sabo fil, rana na dukansa. Ajin Yara Arba'in da Uku. Iyaye suka tafa, yawancinsu ba su san me ake nufi ba. Ɗalibai ba su tafa ba, ni suke kallo, na tsaya inda aka ce in tsaya har aka gama ɗaukar hoto.

Sai aka fara kiran suna. Kowane ɗalibi ya hau dandamali, ya sunkuyar da kai, uwar aji ta rataya masa lamba. Wasu sun sunkuya da kyau, wasu da ƙyar. Wilber ya ce a hankali, "Sannu-sannu, Profe, kar ki shaƙe ni." Aka kira Luzmila Huamaní. Matakala uku ce kawai zuwa dandamalin, ba ƙarfen dafawa, wani malami ya miƙa mata hannu ta ƙi. Na tsaya da lambar a hannu ina kallon ƙafar nan tana hawa, ɗaya bayan ɗaya, ban kau da ido ba.

Ta iso gabana. Na ware zaren, na ɗaga hannuwa. Ba ta sunkuya ba. Ta miƙo hannu ta karɓi lambar daga yatsuna, ta rataya wa kanta, ta gyara gashinta a kai.

"Ranar Lahadi zan je Sallani," ta ce, yadda ni kaɗai zan ji. "Zan gaya wa mamata a kabarinta ba ruwanta ba ne. Idan ta tambaye ni wa ya yi, yanzu ina da suna."

Ta juya ta nufi matakala. Aka kira na gaba.